Filin Tambaya da Amsa: Doki da Jan Amalanke

A wannan fitowa wasiƙu uku muka ɗauko, dukkansu daga jahar Damagaram, kuma dukkansu a kan doki ne da jan amalanke. Ta farko ta fi sauran buƙatar bayani, saboda haka ita ce za ta ci mafi yawan filin.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni mazaunin unguwar Garin Malam ne a cikin garin Damagaram, kuma shekara 11 ke nan ina dako da amalanken jaki. Da na ga jakin ya tsufa, masu kaya kuma sun fi son wanda zai kai da wuri, sai na sayar da tumakin da nake kiwo na sayi doki a kasuwar dabbobi ranar Alhamis. Dillali ya ce shekararsa 4, kuma na hau shi na ga ba ya tutsu. Kwana 3 da sayensa na ɗaura masa amalanken jakina babu kaya. Ko taku biyar bai yi ba ya zabura, ya yi ta harbi har ya lanƙwasa hannun amalanken guda, ya kuma ji rauni a ƙafar baya. Raunin ya warke, amma yanzu ko daga nesa ya hangi amalanke sai jikinsa ya ɗauki ɓari. Maƙwabta suna cewa in ba shi kashi, wasu sun ce in hana shi abinci kwana biyu ya yi laushi, wasu kuma sun ce in mayar da shi kasuwa. Shin dokin ya lalace ke nan?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya tsare gaba, kuma ka gode masa da abin ya tsaya a ƙarfen amalanke da raunin da ya warke. Dokinka bai lalace ba, amma aikin da ke gabanka ya fi na wanda ya sayi dokin da bai taɓa ganin amalanke ba, domin kai sai ka fara cire tsoron da ya shiga kafin ka koyar da ja.

Kuskuren da ka yi shi ne ka auna doki da ma'aunin jaki, kuma ba kai kaɗai ke yin haka ba. Jaki idan ya tsorata yakan tsaya cik ya ƙi motsi har sai ya fahimci abin da ke faruwa. Doki kuwa maganin tsoronsa gudu ne. Idanunsa a gefen kai suke, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, sai dai akwai wuri guda a daidai bayan wutsiyarsa da ba ya gani sai ya juya kai. To, a nan ne ka ajiye masa wani abu mai ƙara, wanda in ya taka ya biyo shi, in ya ƙara sauri shi ma ya ƙara, in ya tsaya ya buge shi a cinya. A wurinsa wannan ba shi da bambanci da naman dajin da ya biyo shi. Kasancewar ya saba da mahayi ba ta koya masa komai game da wannan ba, domin mahayi a bisa gadon baya yake, amalanke kuwa a baya take.

Shawarar duka da ta yunwa ka watsar da su. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Idan ka haɗa masa bulala da amalanke, ka tabbatar masa ke nan cewa tsoron da yake ji gaskiya ne. Yunwa kuma tana iya sa ya tsaya a ranar saboda rashin ƙarfi, amma ranar da ya ƙoshi zai maimaita abin da ya yi, kuma mai yiwuwa a wannan karon a tsakiyar kasuwar Dole ne, da mutane a gabansa.

Kafin komai ka buɗe bakinsa ka tabbatar da maganar dillali. Haƙoran gaba na tsakiya suna sauyawa a shekara 2 da rabi, na kusa da su a shekara 3 da rabi, na gefe kuma a shekara 4 da rabi, ta yadda a shekara 5 bakin ya cika. Idan har yanzu na gefen ƙanana ne farare irin na nono, to lalle bai kai 5 ba. Doki mai shekara 4 ya isa koyo da jan kaya marasa nauyi, amma cikakken lodi sai ya cika baki, domin ƙasusuwan bayansa ba su gama ƙwari ba. Duƙushin da bai kai shekara 3 ba kuwa ba a sa shi jan komai.

Darasin farko ba ja ba ne, tsayuwa ce, kuma a ganina duk sauran horon a kanta ya dogara. Ka sa masa ragama ka riƙa jansa a fili kullum da safe bayan asuba, da kuma bayan la'asar idan rana ta yi sanyi, kamar minti 20 zuwa 30 a kowane zama. Ka zaɓi kalma guda ta tafiya, guda ta tsayuwa, guda ta ja da baya, kada ka sauya su, kuma duk wanda zai taimake ka su zai riƙa faɗa. Idan ka ce "tsaya" ya tsaya, ka sassauta igiya nan take ka shafa wuyansa, domin sassautawar nan ce ke sanar da shi ya yi daidai. Ka riƙa tsawaita tsayuwar daga ɗan lokaci kaɗan har ya iya yin minti biyar ba tare da ya ɗaga kofato ba, ko da kana zagaya shi, ko yara suna wucewa. Mai dako ya fi kowa sanin cewa rabin yininsa a tsaye yake ƙarewa, ana lodi, ana saukewa, ana ciniki. Dokin da bai iya tsayuwa ba ba shi da amfani a wannan sana'a, komai ƙarfinsa.

A daidai waɗannan kwanaki ka kawo amalanken cikin gida ka ajiye ta nesa da turkensa, inda zai riƙa ganinta ba tare da ta motsa ba. Kowane kwana biyu ko uku ka matso da ita kaɗan, har ya kai ga kana zuba masa harawa a bisa kanta yana ci. Bayan nan ka sa wani ya riƙa tura ta a gabansa kai kuma kana biye da dokin, domin abin da doki ya ga yana gudunsa ba ya jin tsoronsa kamar abin da ke binsa. Idan ya saba, sai a tura ta a gefensa na hagu, sannan na dama, domin abin da ya saba gani da ido ɗaya yana iya razana shi idan ya ɓullo ta ɗaya idon. Sai daga ƙarshe a koma bayansa, nesa tukuna, ba tare da an ɗaura komai ba.

Yanzu maganar kayan ja, wadda nake zargin tana da hannu a abin da ya faru. Amalanken jaki ta yi wa doki gajarta da ƙunci: hannayenta suna matse masa haƙarƙari, gabanta kuma yana kusa da ƙafafunsa na baya, ta yadda duk takun da ya yi sai ya buge. Ka kai ta wurin mai walda a tsawaita hannayen a kuma buɗa su, ta yadda tafin hannunka zai shiga tsakanin ƙarfe da jikin dokin ta kowane gefe, kuma ko ya miƙe ƙafa yana sassarfa ba zai taɓa jikin amalanken ba. Hannayen su zauna a miƙe daidai tsakiyar haƙarƙarinsa, kada su karkata sama ko ƙasa.

Sannan akwai abubuwa uku da kowane ke da aikinsa. Na ɗaya faffaɗar ɗamarar ƙirji, mai faɗin kamar yatsu huɗu, wadda da ita yake ja. Ta zauna sama da gaɓar kafaɗa, ƙasa da maƙogwaro, domin in ta hau za ta shaƙe shi, in ta sauka za ta hana kafaɗa motsi. Igiyoyin ja da ke fitowa daga gare ta a ɗaura su a wani guntun ƙarfe ko icce da aka rataye ta tsakiya a gaban amalanke, mai lilo hagu da dama, domin kafaɗun doki ba tare suke motsawa ba, kuma idan igiyoyin a kafe suke ɗamarar za ta riƙa gurzar fata har ta yi miki. Na biyu matashin baya, wanda aikinsa riƙe hannayen amalanke ne kawai. A yi shi da tudu biyu da kwari a tsakiya yadda ba zai taɓa ƙashin baya ba. Na uku shi ne wanda masu amalanken jaki da yawa ba su damu da shi ba, wato maɗaurin da ke zagaya cinyoyi ta baya a ɗaure shi da hannayen amalanke. Shi ne birki. Idan babu shi, duk lokacin da doki ya tsaya ko ya shiga gangare amalanke za ta taho ta buge shi, kuma garin da ke da tudu da duwatsu kamar namu ba ya rasa gangare. Damagaram ba ta rasa majema da dukawa ba, saboda haka ka kai musu awon dokinka su ɗinka maka, a shimfiɗa buzu ko tsumma mai laushi ta ciki. Igiyar roba da yankan tayar mota mai waya a ciki su ne suka fi yi wa dabbobin dako rauni.

Ka sa masa kayan ɗaya bayan ɗaya, ka bar shi ya yi yawo da su kwanaki babu amalanke. Daga nan sai ka ɗaura dogayen igiyoyi biyu a linzami, ka koma bayansa kana tafiya a ƙasa, nesa da inda harbi zai kai, wani kuma yana riƙe da ragama a gaba har sai dokin ya gane cewa umarni daga baya yake zuwa. A nan ina da gargaɗi: linzamin hawa irin namu na gargajiya, mai zobe da harshen ƙarfe, an yi shi ne don a tsayar da doki nan take a wajen sukuwa, kuma da doguwar igiya zafinsa ƙaruwa yake. Ka nemi linzami mai sauƙi, sandar ƙarfe mai santsi ko mai gaɓa a tsakiya. Ka yi mako biyu ko fiye kana kora shi haka, kuna juyawa hagu da dama, kuna tsayawa, kuna ja da baya, har ku fita unguwa ya saba da ƙarar kabu-kabu, da ledar da iska ke kaɗawa, da raƙuma, waɗanda dawaki da yawa ba sa son warinsu.

Sai a zo ga ja. Kada ka fara da taya ko gungume a ɗaure. Ka tsawaita igiyoyin ja ka ba wani ya riƙe a hannu yana tafiya a baya yana ɗan turjewa, ta yadda dokin zai ji nauyi a ƙirjinsa ya koyi tura shi, in kuma ya razana sai a saki kawai. Idan ya saba, a ɗaura tsohuwar tayar mota da ƙullin da za a iya zarewa da fizga ɗaya. Bayan taya sai dogayen sanduna biyu, na gora ko na icce mara nauyi, a rataya su a matashin baya ƙarshensu yana jan ƙasa, domin ya saba da abu mai tauri da ke taɓa cinyarsa idan ya juya. Ga dokinka musamman, wannan mataki ne ya fi muhimmanci, domin hannun amalanke ne ya ji masa rauni. Kada ka wuce shi sai ka ga yana juyawa da sandunan kansa a sake, kunnuwansa ba a kwance ba, wutsiyarsa ba a matse ba.

Ranar ɗaura amalanke ku zama mutum uku, a fili mai faɗi da ƙasa mai tauri, bayan an ɗan motsa jikinsa. Amalanke ake jawowa zuwa ga doki, ba doki ake turawa da baya cikinta ba. A rana ta farko a shigar da hannayen kawai ba tare da an ɗaure ba, mutum biyu su riƙe su ana tafiya tare, in ya firgita su tsaya shi ya fice. Bayan kwanaki sai a ɗaure, igiyoyin ja da farko sannan maɗaurin cinya, wajen kwancewa kuma a fara da na cinya. Kada kowa ya hau tukuna. Kuma ka riƙe wannan doka muddin kana sana'ar: ba a cire wa doki linzami yana ɗaure da amalanke, ko don ya sha ruwa ne, domin in ya zabura a wannan hali babu abin da za a riƙe shi da shi.

Doki mai hankali da bai taɓa razana ba yakan gama wannan duka cikin mako shida zuwa takwas. Naka ka ba shi wata uku a ranka, kada kuma ka sallami jakin kafin nan. Duk ranar da ya firgita a wani mataki, ka koma na bayansa ka ƙare zaman a kan abin da ya iya. Idan kuwa bayan wata uku har yanzu yana harbin sanduna, to gaskiya ita ce akwai dawakin da ba su dace da ja ba. Ka sayar da shi ga mai hawa, ka kuma faɗa masa dalili.

TAMBAYA: Malam, ni mace ce a Miriya. Na sayi doki da amalanke na ba ɗan ƙanena yana sayar da ruwa da su, muna raba abin da aka samu. Yana ɗora ganga uku, yana cewa doki ya fi jaki ƙarfi. Watanni biyu ke nan, dokin ya rame, kuma bayansa ya fara saɓulewa. Ganga nawa ya kamata?

AMSA: Hajiya, lissafin a fili yake. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ganga mai lita 200 kilo 200 ke nan, uku kuwa kilo 600, ba a sa nauyin amalanken da na yaron ba. Dawakinmu na nan ba manya ba ne, yawancinsu ba su wuce kilo 300 da wani abu ba. A kan kwalta mai shimfiɗa, da tayoyi cike da iska, lafiyayyen doki zai iya jan wannan, amma da zarar an sauka cikin rairayi tayoyi suna nutsewa, nauyin jan ya ninka sau da yawa. Ni ganga biyu nake ba da shawara, kuma idan hanyar rijiyar rairayi ce mai zurfi ko hawa, a rage ruwan. Gaskiya ne doki ya fi jaki sauri da ƙarfi, amma jaki ya fi shi jure ƙishirwa da ƙarancin abinci, kuma ribar doki a yawan sawu take.

Saɓulewar baya kuwa alama ce ta cewa lodin ya rinjaya gaba. Gangunan su zauna a bisa gatarin tayoyi, ta yadda idan an kwance doki mutum ɗaya zai iya ɗaga hannayen amalanken ba tare da wahala ba. Abin da hannunsa ya ji shi ne abin da bayan dokin ke ɗauka yini guda. A dakatar da aiki har raunin ya warke, a riƙa wanke shi da ruwan gishiri mai tsabta, kada a shafa baƙin man inji ko tokar batir kamar yadda wasu ke yi. A kai shi wurin likitan dabbobi ya duba, a ba shi maganin tsutsar ciki.

Game da rama, dokin da ke aiki a zafin Afrilu da Mayu yana iya shan lita 40 zuwa 50 a yini, wato jarka biyu, kuma abin takaici ne a ga dabbar da ke dakon ruwa tana fama da ƙishirwa. A ba shi duk lokacin da aka tsaya. Idan kika kama fatar wuyansa kika saki ba ta koma nan da nan ba, ruwan jikinsa ya yi ƙaranci. Cikin doki ƙarami ne, kuma ba ya iya amai, saboda haka gero ko dusa a raba su sau biyu ko uku a yini, a bar shi kamar awa guda bayan ya ci kafin a ɗaura shi. Harawa da ciyawa su ne tushen abincinsa, tare da ɗan gishiri ko kanwa. A zuba masa a kwami ko rabin ganga, kada a zuba a ƙasa, domin rairayin da yake haɗiya tare da hatsi yana taruwa a hanji ya jawo ciwon ciki mai kisa. Tsakanin ƙarfe 12 da la'asar kuma a kwance shi a inuwa.

TAMBAYA: Malam, gidanmu a unguwar Birni yake cikin garin Damagaram, kuma muna da doki da muke hawan Sallah da shi. Na ce wa mahaifina mu sa shi aiki da amalanke ya riƙa ciyar da kansa, sai ya ce wannan wulaƙanta doki ne. Mene ne ra'ayinka?

AMSA: Ɗana, mahaifinka ba daga sama ya ɗauko maganarsa ba. A ƙasar Damagaram, wadda Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki har zuwa 1884, ya kafa ƙarfinta a kan mayaƙan doki, doki dabbar sarauta ce da yaƙi, dako kuwa na jaki ne da raƙumi da takarkari. A Senegal kuma dawaki ne ke jan amalanke da garma a ƙauye da birni, ba wanda yake ganin aibu a ciki. Ni a wurina dokin da ke aiki yana ƙoshi bai wulaƙanta ba kamar wanda ke tsaye a turke wata goma sha ɗaya haƙarƙarinsa a waje. Sai dai a kan wannan dokin naku na fi karkata ga mahaifinka, bisa wani dalili dabam. Dokin hawa an horar da shi ya zabura da zarar ya ji ƙaimi ko kiɗa, ya yi sukuwa, ya ɗaga ƙafafun gaba, kuma waɗannan su ne ainihin abubuwan da ba a so a tsakanin hannayen amalanke. Galibi kuma ingarma ne, wanda in ya ji haniniyar goɗiya a kan hanya ba lalle ya saurari mai kora ba. Idan kuna son dabbar aiki, ku nemi izinin Baba ku sayi goɗiya ko dokin da aka fiɗiye, mai faɗin ƙirji da gajeren baya, wanda ba a taɓa koya masa wasan hawa ba, ku ɗaure shi a turke dabam, nesa da ingarman.